Mahaifiyarta Tana Nan Lafiya

Ranar da mahaifiyarta ta rasu, Baƙuwa tana durƙushe gaban surukarta tana gasa mata ƙafa da ruwan zafi. Wayarta ta yi ta kuka a bakin taga har ta gaji, ta sake farawa.

"Ƙarasa wannan ƙafar tukuna," in ji Inna. "Wanda ya matsu zai sake kira."

Ta ƙarasa. Ta matse tawul, ta shafa man zafi daga gwiwa zuwa idon sawu, sannan ta ɗauka. Ƙanenta ne, daga can ƙasarsu da ta baro ta biyo miji. Bai ja magana ba. Ya ce da asuba rai ya yi halinsa, kuma kafin la'asar za a kai ta. Sannan ya ce, "Yaya, ko bayan an rufe ta ne, za ki zo?"

Ba za ta zo ba, shi ma ya sani. Takardar da take zaune da ita a ƙasar mijinta ta wucin gadi ce, irin wadda ake ba matar ɗan ƙasa kafin a ba ta cikakken izinin zama. In ta tsallake iyaka da ita, takardar ta mutu, hanyar dawowa ta toshe. Ga kuma Ƙarama, 'yarta, wadda a lokacin take koyon tafiya tana dafa bango. Ita 'yar ƙasa ce ta wajen uba, kuma uban ya riga ya faɗa tun tana cikin tsumma: 'yarsa ba ta fita ko'ina.

Kukan da ya ƙwace mata bai yi nisa ba Inna ta tare shi.

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Amma ki sassauta murya, kada maƙwabta su ɗauka dukanki muke yi. Tashi ki ɗora abincin rana. Aiki yana rage wa mutum tunani."

Ta tashi ta ɗora.

Baƙuwa ba sunanta ba ne. Sunan da gidan ya liƙa mata ne ranar da ta shigo da akwatinta. Ta yi ciki a gidan, ta haihu a gidan, ta san wace taga ce ke maƙalewa in an yi ruwa, amma har yau ko yaran maƙwabta da shi suke kiranta.

Mijin nata Manaja ake ce masa, don shi ke kula da wani shagon tayoyi a babban titi. Ya dawo da magariba. Ta jira ya yi wanka, ya ci abinci, ya miƙe ƙafa a falo yana kallon ƙwallo a waya. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

"Baban Ƙarama, mahaifiyata ta rasu yau."

"Ayya. Allah ya jiƙan rai." Idonsa bai bar wayar ba. "Kai! Wannan alƙalin wasa ba ya tsoron Allah! Ai hannu ne ƙiri-ƙiri!" Ya ɗan juyo. "Eh, sai haƙuri. Akwai sauran shayi?"

Akwai. Ta kawo.

*

Abu ɗaya ya rage a ba ta izinin zama. Ofishin shige da fice yana kiran miji da mata, a shigar da kowa shi kaɗai, a yi masa tambayoyi a kan zamansu, a gwada amsoshin. Da haka suke gane auren gaske da wanda aka ƙulla don takarda.

An ba su rana, Manaja ya ce ranar motar kaya za ta iso, ba zai bar shago a hannun yara ba. An sake ba su wata rana, ya ce abokinsa zai yi tafiya, bai kamata a ce bai raka shi tasha ba. Duk sanda ta buɗe baki ta tuna masa, sai ya dafe kai.

"Ke ba ki da wata hira sai ta ofishin nan? Mutum ya dawo a gajiye, maimakon sannu da zuwa sai takarda, takarda."

Inna kuwa daga kan gadonta take jefo tata. "Gaggawar me kike yi? An kore ki ne? Kina ci, kina sha, ga rufi a kanki. Ina za ki da katin zama?"

Sai Yaya, babbar yayar Manaja, wadda ke aure a layin baya amma kullum da yamma tana gidan. Ita ba ta ɓoye tata. "Inna, ni na san irinsu. Suna lafewa kamar mage, ranar da kati ya shiga hannu sai ki ga sun yi fiffike."

Ana haka kwanaki suna tafiya. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna aka mayar da Baƙuwa ɗakinta, a kan wata 'yar katifa a ƙasa, don ta riƙa kama ta zuwa banɗaki. Manaja bai ce uffan ba. Dama ya ce kukan yarinya yana hana shi barci. Ba ta da izinin yin aiki, don haka ko sabulun wanki sai ta roƙa. Ba ta wuce shagon bakin layi. In ta hango motar jami'ai a titi, sai ta juya da yarinya a baya kamar wadda ta yi sata.

Takarda ta uku ta zo da jan rubutu. Yaya ce ta karanta a falo da ƙarfi: wannan ne kira na ƙarshe. In ba su bayyana tare ba za a rufe maganar, kuma mai neman izini ta bar ƙasa.

Ta ajiye takardar, ta ɗauki Ƙarama ta ɗora a cinya tana jijjiga ta.

"To shi ke nan, in an tafi da uwarki ai ni ce uwarki. Ko ba haka ba, 'yar gidana? Ki ce haka ne, Yaya."

Yarinyar ta yi dariya, don ana jijjiga ta. Baƙuwa ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Inna ce ta tsaya nazari. Can ta ce, "To in suka tafi da ita, wa zai riƙa gasa mini ƙafa? Ke za ki zo kullum?"

"Ni? Inna, ina da nawa gidan."

Da Manaja ya dawo, uwarsa ta kira shi ɗaki. Bai daɗe ba ya fito ya ce za su je.

*

Daga ranar aka buɗe makaranta a falo. Yaya ta ɗora tabarau a karan hanci, ta zauna a kujerar tsakiya a matsayin jami'a. Baƙuwa tana tsaye.

"Me mijinki yake ci da safe?"

"Shayi mai kauri, sukari kaɗan, da ƙwai. Ba ya son a juya ƙwan."

"Wace ƙafa yake fara sa wa takalmi?"

"Hagu. Ta damar tana da ciwon farce."

"Wane magani yake sha?"

"Na ƙwannafi, bayan ya ci. In bai ga an ajiye masa kusa da kofi ba, ba ya sha."

Yaya ta waiga ta dubi uwarta. "Inna, ashe yana da ciwon farce?"

"Oho. Ci gaba."

Aka tambaye ta sunan maigidansa a wurin aiki, da sunayen abokansa, da makarantar da ya yi, da kalar buroshin haƙorinsa. Duk ta faɗa. Ba abin mamaki ba ne. Wanda yake wanke wa mutum kaya, yake dafa masa, yake kwashe abin da ya zubar, ya san shi ko bai yi niyya ba. Duk da haka kullum sai an maimaita, Yaya tana gyara mata tsayuwa, tana gyara mata harshe.

"Kada ki je kina yi musu wannan maganar taku ta ciki-ciki. Buɗe baki. Ki kunyata mu a can, wallahi ba za ki ji da daɗi ba."

Ana saura kwana kaɗan Baƙuwa ta daure ta ce, "Yaya, shi fa? An ce shi ma za su tambaye shi a kaina."

Yaya ta kwashe da dariya har tabarau ya zame. "Ku ji min mata! Shi wa zai tambaye shi? Ɗan ƙasa ne, a asibitin bayan kasuwa aka haife shi. Ke ce baƙuwa, ke ake bincike."

Manaja da ke shigowa ya ji ƙarshen maganar. "Ni za a zaunar kamar ɗan makaranta? Matata ce, me zan karanta a kanta?"

*

Ofishin dogon zaure ne mai kujerun ƙarfe a jere, fanka ɗaya tana juyi, sauran sun mutu. Mutane sun cika shi, kowa da ambulan a ƙirji. Manaja ya sa riga mai guga da turare, yana ta duba agogo yana tsaki. Da aka kira lambarsu, shi aka fara shigarwa.

Ya jima a ciki. Ya fito yana gyara wuyan riga, fuska a washe. Baƙuwa ta miƙe, ta gyara goyo, sai ga masinja ya leƙo ya ce kwamfuta ta tsaya, duk wanda ba a gani ba ya dawo mako mai zuwa. Maganar mijin an riga an ɗauka, ita kaɗai za ta dawo.

A mota bakinsa bai rufu ba.

"Ai na gama da su. Jami'ar nan har murmushi take. Ta ce wane abinci kika fi so, na ce hanta, ba ki da wasa da hanta. Ta ce tabon hannunki fa, na ce tun kina yarinya kika faɗa wuta. Ta ce wane gefen gado kike kwana, na ce wajen taga, don kina son iska."

Baƙuwa ta dubi hannunta. Tabon bai shekara ba. Inna ce ta shure roba da ƙafa ranar da ta ce ruwan ya cika zafi. Hanta kuwa ko warinta ba ta so; tana ci ne don duk gidan babu mai ci, kuma Inna ta hana a zubar.

"Sai ta zo kan danginki," Manaja ya ci gaba, yana dukan sitiyari da yatsa. "A nan na burge ta. Na ce surukata tana nan garau, duk ƙarshen mako sai mun yi waya, ni nake aika mata maganin hawan jini. Na ce ta ɗauke ni kamar ɗan cikinta. Ki ga yadda matar nan take rubutawa!"

"Baban Ƙarama."

"Mene ne?"

"Mahaifiyata ta rasu."

"Wace mahaifiyar?"

"Tawa. Tun kafin damina."

Motar ta ɗan karkace, mai babur ya zage shi ya wuce. Suka wuce shatale-tale. Da Manaja ya buɗe baki, da faɗa ya buɗe.

"Kuma ba ki faɗa mini ba?"

"Na faɗa maka. Ka ce Allah ya jiƙan rai."

"Yaushe? Ke ai matsalarki ke nan! Ki sami mutum yana cikin wani abu ki yi masa gunaguni, ki ce kin faɗa. Magana irin wannan ai zaunar da mutum ake yi. Kin ga abin da kika jawo mini? Rantsuwa fa aka sa na yi! Na sa hannu!"

*

Kafin la'asar Yaya ta iso, aka taru a ɗakin Inna. Yaya ta taɓa raka wata ƙawarta irin wannan ofishin, don haka ita ce lauyar gidan.

"Maganar a fili take. In ta je ta ce tsohuwar ta mutu, za su ce auren na bogi ne. Wane miji ne bai san surukarsa ta mutu ba? Shi su kama shi da rantsuwar ƙarya, ita su sa ta a mota."

"Sai ya koma ya ce ya yi kuskure," in ji Baƙuwa. "Ya ce ya ruɗe ne. Ga yarinya, ga maƙwabta, kowa ya san aurenmu na gaske ne."

Inna ta yunƙura ta zauna, abin da takan ce ba ta iyawa sai an kama ta.

"Ɗana? Ya je gaban mace ya sunkuyar da kai ya ce ya yi ƙarya? Manaja guda? Ke ba ki da kunya? Ya bar aikinsa ya je ya yi miki layi cikin zafi, sakayyar ke nan?"

"Inna, mahaifiyata ce."

"Mun sani. Wa ya ce ba ita ba ce? Amma mamaci ba ya jin magana. Abin da za ki faɗa a ofis ba zai tashe ta ba, ba kuma zai rage mata komai ba."

"Ai alheri ma ya yi mata," in ji Yaya. "Ya ƙara mata kwana." Ta yi dariya ita kaɗai, sai Manaja ya taya ta kaɗan.

"Kuma ke mai kai ce," Inna ta ƙara, da muryar lallashi. "Shi abubuwa sun yi masa yawa. Ke da kika haddace kalar buroshi, wannan ne zai gagare ki? Abin da ya faɗa kawai za ki riƙe."

Aka sake buɗe makaranta. A da mijinta aka sa ta karanta. Yanzu ita kanta aka sa ta karanta, yadda shi ya ga dama ya faɗe ta.

Wahalar ma, Manaja bai riƙe duk abin da ya ce ba.

"Hanta na ce ko kifi? A'a, hanta ce. Ko dai duka biyun?"

"Ka nutsu mana!" in ji Yaya.

"Ta tambaye ni ƙawarta, na ce matar mai gyaran firji."

"Ban taɓa yi mata magana ba," in ji Baƙuwa.

"To daga yau ƙawarki ce. Gobe ki leƙa ki tambayi sunanta."

Yaya ta ɗora tabarau. "Mahaifiyarki fa, tana raye?"

Baƙuwa ta kawar da kai.

"Da ke nake."

"Tana raye."

"Haba! Wa ke cewa uwarsa tana raye da irin wannan fuskar, kamar an aiko ki ta'aziyya? Saki ranki. Sake."

"Tana raye."

"Ki ce tana nan lafiya. Ki ɗan yi murmushi. Inna, ki gani fa, da gangan take yi."

Ta sake. Ta sake. Ta yi ta sakewa har haƙoranta suka fito yadda Yaya take so. Da aka sallame ta, ta wuce bayan gida wajen famfo, ta sunkuya ta amayar da duk abin da ke cikinta. Ta kurkure baki, ta wanke fuska. Ƙarama ta biyo ta tana tangaɗi, ta kama bakin zaninta.

Baƙuwa ta tsuguna ta dube ta. Ba mai yawan mafarki ba ce. Lissafi ta yi irin na uwa. In ta faɗi gaskiya, ta tafi. In ta tafi, wa ya san yarinyar nan ba ta shan madara sai an ɗumama? Wa zai lura da sanda numfashinta ke canjawa in mura ta kama ta? Inna da ba ta tashi? Yaya da ke ba ta alewa don ta yi shiru? Ko uban, wanda in aka tambaye shi haƙoranta nawa sai ya ce a tambayi uwarta?

Ta ɗauke ta, ta share mata hanci da gefen mayafi, ta koma ciki.

*

Jami'ar dattijuwa ce mai furfura a gefen ɗankwali, fuskarta a sake. Ta miƙa wa Ƙarama murfin biro ta yi wasa da shi. Manaja bai shigo ba; ya ce zai jira a mota, zauren nan yana sa masa ciwon kai.

Tambayoyin da suka shafe shi ba su ɗauki lokaci ba. Jami'ar tana ta gyaɗa kai. Sannan ta juya shafi.

"Wane abinci kika fi so?"

"Hanta."

"Wannan tabon fa?"

"Tun ina yarinya. Wuta na faɗa."

Jami'ar ta ɗan tsura wa tabon ido. Baƙuwa ta ja hannun riga ta rufe.

"Gefen gado?"

"Wajen taga."

"Mahaifiyarki?"

Fankar ɗakin tana ƙara. Ƙarama ta jefar da murfin biro, ta miƙa hannu a ba ta.

"Tana nan lafiya," in ji Baƙuwa, ta saki haƙora yadda aka koya mata.

"Madalla. Yaushe rabonki da jin muryarta?"

"Ƙarshen makon nan."

"Me kuka ce?"

Wannan ba a koya mata ba. Yaya ba ta kawo ta ba, Manaja bai faɗa ba. Kanta ya yi fayau, babu ƙaryar da za ta kama. Abin da ya zo bakinta shi ne wayarsu ta ƙarshe, ta gaske, wadda ta katse da sauri don Inna tana kira.

"Ta ce in riƙa sa wa yarinya safa da safe, ƙasan siminti yana da sanyi. Ta ce ta ga hotona, na rame, in riƙa ci. Ta ce... ta ce yaushe zan kawo mata ita ta gani."

Hawaye suka zubo, ba ta iya tare su ba. Ta ce a ranta shi ke nan, ta ɓata komai.

Jami'ar ta ajiye biro, ta zaro takardar share fuska ta miƙa mata.

"Kewa ce, 'yata, na sani. Kwantar da hankalinki, amsoshinku sun yi daidai. Da zarar katin ya shiga hannunki, ki shirya ki je ki gan ta. Kada ki ce sai baɗi. Ni tawa ina ta cewa sai na sami hutu, sai na sami hutu, har aka bugo mini waya." Ta buga hatimi, ta sa hannu. "Katin na shekara guda ne. In ta cika ku dawo tare a sabunta. Ki gaishe min da ita. Ki ce mata 'yarta ta yi dace da miji. Ba kowane namiji ke tuna maganin surukarsa ba."

"Za ta ji," in ji Baƙuwa.

Ta fito ta ratsa zauren. A kan kujerun ƙarfen akwai mata irinta, wasu da goyo, wasu da ciki, kowacce tana motsa leɓe tana bitar abin da za ta faɗa. Ofishin nan an gina shi ne don ya kama masu auren ƙarya. Yana da hatimi, yana da kwamfuta, yana da tambayoyi har kan gefen gado. Amma ba shi da tambayar da za ta kama namijin da matarsa ta yi makokin uwarta a gabansa bai sani ba. Ba shi da tambayar da za ta kama gidan da ya riƙe takardar mace kamar igiya, ya sassauta ranar da ya ga dama, ya ja ranar da ya ga dama. Irin wannan gidan ba ya duka, ba ya zagi a titi. In ka tambayi maƙwabta za su ce mutanen kirki ne, sun riƙe baƙuwa tsakani da Allah. Kuma mace za ta tsaya a gaban hukuma ta tono uwarta daga kabari da bakinta, tana murmushi, don kada a raba ta da 'yarta, sannan ta koma gida a ce ta durƙusa ta yi godiya.

Manaja yana cikin mota, ya kwantar da kujera, yana cin gyaɗa yana watsa ɓawon ta taga. Ta shiga baya da yarinya, ta miƙa masa takardar. Ya duba hatimin, ya buga cinya.

"Ba na faɗa miki ba? Da bakina na samo miki wannan. In mun isa ki gode wa Inna da Yaya, sun sha wahala a kanki." Ya ƙara dubawa. "Au, shekara ɗaya ce kawai? Wato baɗi ma sai na sake zuwa wannan wurin."

Ya tada mota. Ya hango fuskarta a madubi, idanun sun kumbura.

"Wai har yanzu maganar tsohuwar ce? Haba, ki bar abin nan ya wuce mana. Kin ga, in ta dame ki, baɗi in mun dawo sai mu ce musu ta rasu. Shi ke nan kowa ya huta."

Ta ƙara matse Ƙarama a ƙirjinta, har yarinyar ta yi ƙorafi.

Ya sa sigina, ya leƙa titi, ya jefa sauran gyaɗar a baki.

"Amma ki tuna mini kafin ranar," ya ce. "Kada in sake mantawa."